Nata'ala Ya Ƙi Saukowa

Gaji ta yar da taɓarya, ta bar wa kaji dawa a turmi, ta fito a guje ko mayafi babu. Ta bi 'yar hanyar da ta ratsa duwatsu ta gangara fadamar dabino da ke bayan Takur, tana gudu tana salati. Tun kafin ta iso ta jiyo muryar ƙanenta Nata'ala daga sama, yana rera waƙa iya ƙarfinsa.

Yana can ƙololuwar doguwar bishiyar dabinon Mai Unguwa Barau, wadda ta fi kowace tsawo a fadamar. Ya baje a tsakiyar rassa, wuƙa a hannu, yana ta watsa wani farin gari a iska. Jama'a sun taru a ƙasa, kowa ya ɗaga kai ya saki baki.

"Yaya!" ya ƙwala mata kira da ya hango ta. "Kin makara! Duk na ɗaura musu aure! Yau ba sauran bazawara a fadamar nan!"

Wasu suka kwashe da dariya. Mai Unguwa bai yi ba.

Duk wanda ya tashi a Dutse ya san macen dabino ba ta 'ya'ya sai an yi mata barbara. Ana hawa namiji a yanko hudarsa, a hau mace a tsefe tata hudar, a cusa 'yar kaɗan a ɗaure. Mazan 'yan ƙalilan ne a fadamar, don haka hudarsu bi da bi ake raba ta, kowace mace sai ranar da kwanson hudarta ya tsage da kansa. Kuma ba mai hannun barbara kamar Nata'ala. To yau tun kafin kiran assalatu ya bi mazan nan ya yi musu ƙwal, ya bi matan da ba su isa ba ya farke su da wuƙa ya cusa, ragowar kuwa ga shi can yana yi wa iska kyauta da shi.

"Gaji, kin ga aikin ƙanenki?" in ji Mai Unguwa. "Bana sai dai mu ci ƙaya. Bara ya rabar da akuyarku, muka ce taku ce. Yanzu ya taɓa abincin gari. Na aika a ɗauko turu. Yana saukowa ƙafarsa za ta shiga."

Gaji ta durƙusa. "Baba Mai Unguwa, a yi haƙuri. A sa turun, na yarda. Amma don Allah a hau a sauko da shi yanzu."

"Saurin me? Yunwa za ta sauko da shi."

To, ga inda gizo ke saƙar. Gari duka ya san Nata'ala yana da tashi. Lokaci-lokaci sai barci ya ƙaurace masa, baki ya buɗe, ya yi noman mutum uku, ya yi kyauta da rigar jikinsa. Bayan nan sai ya kwanta ya juya wa duniya baya, ba ci ba magana, in ya yi magana ma cewa zai yi shi ba shi da amfani. Wannan kowa ya sani. Abin da ba wanda ya sani sai Gaji, Nata'ala yana faɗuwa.

Tun yana saurayi abin ya fara, bayan rasuwar uwarsu, ita kuma ta dawo gida da takaba ta riƙe shi. Allah ya rufa asiri, a ɗaki yake kama shi, yawanci da sassafe. In ya zo sai ta jefa masa tabarma, ta ja ƙyaure, ta tsaya a waje tana kuka har ƙafafunsa su daina bugun ƙasa. Daga baya ta barbaɗa toka a kan kumfar, ta kwashe da sakaina ta binne. Ba ta taɓa sa masa hannu yana cikin abin ba, don ita ma haka ta tashi ta ji: yawun mai farfaɗiya ya taɓa ka, ka ɗauka. Akushinsa daban, moɗarsa daban, in an tambaya ta ce ƙyanƙyami gare shi.

Abin da ya hana ta sakat shi ne ta rasa gane kan ciwon. Wani zubin tashin ne ke fara zuwa, faɗuwar ta rufe shi. Wani zubin sai ya faɗi tukuna sannan ya tashi. Akwai shekarar da bai faɗi ba ko sau ɗaya, har ta yi sadakar waina don murna, a shekarar ce ya taka da ƙafa har kasuwar Buji ya hau kan buhunan mutane yana wa'azi. Da faɗuwar ta dawo sai ya lafa. Takan kama kanta tana fatan ya faɗi ko ya samu barci, sannan ta yi istigfari, don wace irin 'yar'uwa ce ke yi wa ɗan'uwanta wannan fata? Ciwo biyu ne ko ɗaya, wanne uwa wanne ɗa, ita dai ba ta sani ba. Abu ɗaya ta tabbata: in ya jera kwanaki ba barci, faɗuwa na kusa. Ga shi rabonsa da runtsawa tun kasuwar da ta wuce.

Ta tashi ta nufi Arzika, abokin hawansa tun suna yara, wanda ke tsaye da igiya a kafaɗa.

"Arzika, kai ne zai ji maganarka. Hau ka lallaso shi."

"Zan hau, Yaya Gaji. Bari dai ya ɗan huce." Ya zagaya igiyarsa a gindin bishiyar, ya ɗora ƙafa ɗaya.

"Sauke ƙafarka," in ji Mai Unguwa. "Ba wanda zai je kokawa da mai wuƙa a sararin Allah. In ya ture ka, ni zan je gaban Hakimi a Garu in yi bayani."

Sai waƙar ta tsaya cak. Nata'ala ya leƙo ta tsakanin rassa, yana shaƙar iska.

"Yaya, wa ke ƙona gashi a nan?"

Gaji ta shaƙi iska. Ba mai ƙona komai. Warin nan shi ne sallamar ciwon, kullum da shi yake fara zuwa, kuma daga warin zuwa faɗuwa ba nisa.

"Ku hau!" ta fasa ihu. "Arzika, hau! Zai faɗo!"

"Nata'ala ne zai faɗo daga dabino?" wani ya ce daga baya. "Sai dai in biri ma yana faɗowa."

Ta dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. In ta yi shiru, za su tsaya jiran yunwa har ya rikito. In ta faɗa, wa zai taɓa shi? Mahaukaci ana kama shi, a danne shi, a wanke hannu a ci tuwo. Mai farfaɗiya kuwa ko inuwarsa ba a so. Gaba kura, baya sayaki. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Farfaɗiya gare shi," ta ce. Ba a ji ta ba, sai da ta sake. "Farfaɗiya gare shi, Baba Mai Unguwa! Yanzu za ta kama shi!"

Kai, mutane! Kafin ta rufe baki fili ya buɗe a gindin bishiyar. Masu tofar da yawu na yi, masu toshe hanci da hannun riga na yi. Arzika ya zare ƙafarsa da igiyarsa a hankali, ya ja da baya, yana goge bakinsa da bayan hannu.

"Jiya-jiyan nan muka raba goro da shi," ya ce. "Da haƙori ya gutsura."

Malam Uwaisu, mai makarantar allon unguwar, ya matso yana dogara sanda. "Ke Gaji, shekara da shekaru ina yi wa yaron nan rubutun taɓin hankali, ashe farfaɗiya ce?"

"Duka biyun ne, Malam."

"Ba ya yiwuwa. Wannan daban, wannan daban. Kowanne da ayarsa. Ke dai faɗi gaskiya, wanne ne?"

"Wallahi, Malam, ban sani ba. Tare suke tafiya."

"In farfaɗiya ce ai ba ruwan turu," wani ya ce.

"To farfaɗiya ce ta farke mini dabino?" Mai Unguwa ya daka masa tsawa.

Nan fa gardama ta kaure. Wannan ya ce aljani ɗaya ne mai fuska biyu, wancan ya ce biyu ne suke karɓa-karɓa, wata tsohuwa ta rantse kakansu ma haka ya yi. Mutum yana can sama, su suna ƙasa suna neman sunan ciwonsa.

Akwai wani baƙo zaune a kan akwati a inuwar tsamiya, Muntaka mai lamba, cikin waɗanda Nasara suka fara turowa ƙauyuka don tsaga yara saboda agana. Tun safe yake zaune ba wanda ya kawo masa ko ɗa ɗaya. Ya taso ya yi sallama.

"Baba Mai Unguwa, in an ba ni dama. Na yi aiki a asibiti a Kano, na ga irin wannan ba ɗaya ba. Likitan da na yi wa hidima ya ce ciwon nan biyu sukan zauna a kai ɗaya. Na tambaye shi wanne ke jawo wanne, ya ce shi ma bai sani ba. Amma ba a ɗauka. Da hannuna na sha share musu baki, ga ni lafiya lau."

"Madalla," in ji Mai Unguwa. "Ga bishiya nan, bismilla."

Muntaka ya ɗaga kai ya dubi dabinon har hularsa ta nemi faɗuwa. Ya dubi takalmansa. "Ni ɗan birni ne. Ko katanga ban taɓa hawa ba."

"Ka ji!" in ji Mai Unguwa. "Mutumin da ke tsaga 'ya'yan mutane ya zuba musu ciwo, shi zai koya mana abin da ake ɗauka."

Gaji ta bar su. Ta je ta rungumi gindin bishiyar ta ɗaga kai.

"Nata'ala! Igiyarka! Ɗaure ƙugunka da reshe!"

Da ya leƙo, fuskar ta canza. Mai ɗaura wa dabino aure ya tafi, sai ƙanenta kawai, idanu a waje.

"Yaya," ya ce da 'yar ƙaramar murya, "yana zuwa."

"Na sani. Ɗaure! Yi sauri!"

Ta ga hannuwansa suna zagaya igiya, suna ƙullawa. Sai ya saki wata ƙara da ba ta yi kama da muryar mutum ba. Wuƙar ta sulluɓo ta kafe a ƙasa. Kan bishiyar ya kama girgiza, busassun rassa suna ƙaras-ƙaras, garin huda yana zubowa. Jama'a suka watse har da masu faɗuwa a magudanar ruwan lambu. Gaji kaɗai ta rage, ta ɗora hannu a ka, tana kiran sunan Allah, ta kasa kallo kuma ta kasa daina kallo.

Da girgizar ta lafa, Nata'ala yana rataye ta ƙugu, rabin jikinsa a waje, kai a ƙasa, hannuwa suna lilo.

"Alhamdu lillahi, igiya ta riƙe," in ji Malam Uwaisu daga nesa.

Arzika ya kare ido da tafin hannu ya duba da kyau. "Ba ta riƙe ba. Wayyo, Nata'ala! Ɗaurin barbara ya yi."

"Me ke nan?" in ji Muntaka.

"Zarge ne sako-sako. Haka muke ɗaure huda, don in 'ya'ya suna girma igiyar ta riƙa saki da kanta. Hannunsa abin da ya saba ya yi. Nauyinsa zai warware ta."

Gaji ta kama rigar Arzika. "To hau mana! Ba abokinka ba ne?"

Hawaye ne ke zuba a fuskarsa, ƙato da shi. "Yaya Gaji, dubi bakinsa. Kumfa ce har ƙirji. Ina da 'ya'ya ƙanana." Ya sunkuyar da kai. Can ya cire igiyarsa daga kafaɗa, ya miƙa, bai san ma wa yake miƙa wa ba.

Ta karɓa.

Rabon Gaji da hawa dabino tun tana 'yar talla, lokacin da suke satar ɗanye su sha duka. Ta tattare zanenta ta cusa tsakanin ƙafafu ta soke a baya. Mazan suka kau da kai. Malam Uwaisu ya fara "Subhanallahi, mace a kan..." sai ya haɗiye sauran, ya juya ya kama addu'a.

"Taka kututturen reshe, kada ki taka tsakani," Arzika yake faɗa mata daga ƙasa. "Jefa igiyar sama, sannan ki bi ta. Kada ki dubi ƙasa."

Ba ta duba ba. Ta kama hawa. Kaushin bishiyar ya sale mata tafin hannu da cinya. A tsakiya numfashi ya ƙare mata, ta manne ta rufe ido, ta ji tsoro irin wanda ba ta taɓa ji ba, har ta ce a ranta ita kam ta mutu. Sai wani abu mai ɗumi ya ɗigo mata a goshi. Ta san ko mene ne. Ta yi kamar ta saki igiyar don firgita, sannan ta jefa ta sama ta ci gaba.

Ƙayar rassan farko ta shige ta a kafaɗa, ba ta ma ji ba sai daga baya. Ta kutsa ta zauna a tsakiya, ta kamo ɗamarar wandonsa da hannu biyu ta ja, ta ja, har ya dawo ciki ya faɗo mata a cinya. Zargen nasa saura ƙiris ya kuɓuce. Ta zagaya igiyar Arzika ta haɗa shi da ita da wani ƙaton reshe, ta yi ɗaurin da take yi wa akuya.

Yana wani irin minshari, kumfa da jini sun toshe masa hanci da baki, ya ciji harshe. Ta duba hagu ta duba dama. Ba toka a nan, ba sakaina, ba ƙyauren da za a ja. Ta tsaya da hannu a sama. Sannan ta juya kansa gefe, ta sa tafin hannunta ta share masa baki, ta sake sharewa, har numfashin ya daidaita.

Haka suka zauna har rana ta take tsaka. Daga nan ana ganin duwatsun Dutse duka, da rufin ɗakunan Garu, da jakuna a hanyar kasuwa. Ba ta taɓa sanin garinsu ƙarami ne haka ba. Ƙasa kuwa ba abin da ke tasowa sai gardama, har yanzu ba a gama ba.

Da ya farka bai san inda yake ba, amma ƙafafunsa sun sani. Ta kwance shi, ya juya ya kama gangarowa a hankali kamar mai tafiya cikin barci, ita tana binsa tana kiran sunansa kada ya sake lumshe ido. Da ƙafarta ta taɓa ƙasa sai ta zube, ta kasa tashi.

An kawo turun, ga shi nan yashe, ƙaton gungume da ramin ƙafa. Waɗanda suka ɗauko shi sun koma bayan jama'a.

"A sa shi mana," wani ya ce.

"Zo ka kama ƙafar," in ji Mai Unguwa. Ba wanda ya motsa. Ya yi gyaran murya, ya tsaya daga inda yake. "Gaji, tun yaushe yake da abin nan?"

"Tun kafin ya fara hawa dabinonka, Baba."

Duk wanda ke wurin ya ci dabinon da hannun nan ya yi wa barbara, ya ba 'ya'yansa, ya kai wa surukai. Muntaka ya ce, "To kun gani," amma ba wanda ya waiwaye shi.

"Ni abin ya fi ƙarfin kaina," in ji Mai Unguwa daga ƙarshe. "A mai da turu. Shi kada ya ƙara taka fadamar nan. Ke kuma kada ki sa hannu a gugar rijiya sai mun ga yadda Allah ya yi da ke. A riƙa zuba muku ruwa a ƙofar gida."

Gaji ta ce, "Na gode, Baba," don ba ta san abin da ake cewa ba. Ta ceci ƙafarsa daga turu, ta raba shi da dabino da abokai da akushin kowa a gari. Ko taimakonsa ta yi ko kashe shi ta yi da ransa, ta kasa rabewa.

Ta yunƙura ta tashi, ta ɗaga shi, ta rataya hannunsa a wuyanta. Jama'a suka dare biyu, suka ba su hanya mai faɗi. Sai da suka shiga tsakanin duwatsu sannan ya yi magana, harshe a kumbure.

"Yaya, a waje ya kama ni?"

"A waje."

"Sun gani?"

"Kowa ya gani."

Suka ci gaba da tafiya. Can idonsa ya sauka a hannunta da ke riƙe da shi, salallen tafi, da busasshiyar kumfa har gwiwar hannu. Ya fizge jikinsa ya jingina da dutse.

"Kin taɓa ni? Yaya, kin taɓa yawun?"

"Na taɓa."

"Da ciwo a hannunki?"

"Mai lamba ya ce ba a ɗauka."

"Kin yarda da shi?"

Ta dubi hannun, ta juya shi. "Ban sani ba, Nata'ala. Yau ba abin da na sani."

Ya fara kuka, ba sauti. Ta kamo hannunsa ta mai da wuyanta.

"Taho mu je gida. In ma zai zo mini, ai ka riga ni sanin hanya. Sai dai ka gaya mini wanne zan fara jira, tashin ko faɗuwar."

"Ni ma ban taɓa sani ba," ya ce.

"To, mu jira tare."